Gajeriyar bindiga mai cin harsashin fistol: tambayoyi da amsoshi kan masu haɗa ta a gida a Amurka

Masu kallon bidiyon bindigogi a YouTube da TikTok sun sha ganin Ba'amurke zaune a garejin gidansa, ga ƙarafa baje a kan teburi, yana cewa yau zai haɗa gajeriyar bindigarsa. Daga nan sai gardama ta kaure a majalisa: wai da gaske a can kowa yana ƙera bindiga a gida, kuma ba mai kama shi? Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne takardar da mutumin ya zauna jira kafin ya ɗaura ko da noti ɗaya. Wannan shafi ba darasin haɗa bindiga ba ne. Bayani ne kan doka, da tarihi, da dalilin da ya sa mutane ke sha'awar abin, da kuma inda ya shafi wanda ke zaune a can ko a nan gida.

Wace irin bindiga ce ake magana a kai?

Siffofi biyu ne suka haɗu a cikinta. Na farko, tana cin harsashin da aka yi domin ƙaramar bindigar hannu, wato fistol, galibi mai lamba 9mm, wanda Georg Luger ya tsara a farkon shekarun 1900, kuma har yau shi ne harsashin fistol da ya fi yaɗuwa a duniya. Na biyu, tana da ƙota, wato gindin da ake dafawa a kafaɗa, amma bututunta gajere ne. A dokar tarayyar Amurka, duk bindigar kafaɗa mai harsashi ɗaya-ɗaya da bututunta bai kai inci 16 ba, kimanin santimita 40 da rabi ke nan, ta shiga wani aji na musamman da ake kira SBR a taƙaice. Haka ma wadda aka yanke daga doguwar bindiga har tsawonta gaba ɗaya ya gaza inci 26. Bindigar farauta mai watsa ƙwayoyi kuwa iyakarta inci 18 ne.

Wanda ya taɓa ganin MP5 ta Jamus ko Uzi ta Isra'ila a hannun jami'an tsaro ya ga siffar. Bututun MP5 bai kai inci 9 ba, na Uzi kuma ya ɗan haura inci 10.

Idan an ce "haɗawa a gida", ƙira ake nufi irin ta maƙera?

A'a, kuma a nan ne yawancin masu kallo ke ruɗewa. Ba zuga-zugi, ba uwar maƙera, ba narka ƙarfe. Kusan duk masu wannan harka sassan da masana'antu suka riga suka ƙera suke saye. A idon dokar Amurka, sashe ɗaya ne kaɗai ake ɗauka a matsayin bindigar kanta, shi ne gangar jikin da ke ɗauke da lambar rajista. Wannan ba a aiko wa mutum shi gida ta gidan waya. Sai ya je shagon dillali mai lasisin tarayya, ya cike fom mai lamba 4473, a duba sunansa a rumbun binciken hukumar FBI da ya fara aiki a 1998, kuma shekarunsa su kai 21.

Sau da yawa ma "haɗawar" ba ta wuce mutum ya sayi babban fistol da aka ƙera da siffar MP5 ko CZ Scorpion ba, sannan ya nemi izinin sa masa ƙota. Da zarar ƙotar ta hau, doka ta ce ya "ƙera" sabuwar bindiga, shi ne maƙerinta, ko da aikin bai ɗauke shi minti biyar ba.

Me ya sa inci 16? Wa ya yanke wannan iyaka?

Labarin ya faro ne daga zamanin da Amurka ta haramta giya, daga 1920 zuwa 1933. Haramcin ya azurta gungun 'yan fasa-ƙwauri, su kuma suka riƙa kashe juna a tituna da bindigar Thompson mai ɓarin wuta da kuma bindigogin farauta da aka datse wa baki don su ɓuya a cikin kwat. Kisan mutum bakwai a wani gareji a Chicago ranar 14 ga Fabrairu 1929, wanda aka danganta da yaran Al Capone, ya girgiza ƙasar. A Fabrairun 1933 kuma wani ya buɗe wa zaɓaɓɓen shugaban ƙasa Franklin Roosevelt wuta a Miami, bai same shi ba, amma magajin garin Chicago, Anton Cermak, ya mutu sakamakon harbin.

Ministan shari'a na lokacin, Homer Cummings, ya san cewa haramta bindiga kai tsaye zai yi karo da tsarin mulki. Sai ya biyo ta hanyar haraji. Dokar da Roosevelt ya sa wa hannu a Yunin 1934, wadda aka fi sani da NFA, ba ta ce kada a mallaki mashinga, wato bindiga mai ɓarin wuta, ko gajeriyar bindiga ko na'urar rage ƙara ba. Cewa ta yi a yi musu rajista, a kuma biya dala 200 duk lokacin da ɗaya ta sauya hannu, daga baya aka haɗa har da lokacin ƙera ta. Dala 200 a wancan lokaci kusan kuɗin Thompson ɗin kanta ne, kuma a ƙimar yau ta haura dala 4,000. Talaka dai an sallame shi ke nan ba tare da an ce masa a'a ba.

Da farko inci 18 ne iyakar duka biyun, ta farauta da mai harsashi ɗaya. A 1960 majalisa ta sauko da ta biyun zuwa inci 16. Babu wani sirrin kimiyya a lambar. Bindiga mai inci 15 da rabi ba ta fi mai inci 16 haɗari ba, layi ne kawai da 'yan majalisa suka ja, amma layi ne da ke raba mai bin doka da ɗan fursuna.

To ai fistol ya fi ta gajarta, kuma ana sayar da shi ba wannan wahala. Ba a yi tufka da warwara ba?

An yi, kuma dalilinsa sananne ne. Daftarin farko na dokar 1934 ya haɗa har da fistol da libarba, wato ƙaramar bindiga mai gidan harsashi da ke juyawa. An sa gajerun bindigogin kafaɗa a ciki ne don kada mutum ya kauce wa harajin fistol ta hanyar datse doguwar bindiga. Da ƙungiyoyin masu bindiga suka matsa lamba, sai aka cire fistol daga daftarin, amma aka bar sashen da aka rubuta domin toshe waccan kafa. Ma'ana, an rushe ɗakin, an bar ƙyauren a tsaye da kwaɗonsa. Shekara casa'in ke nan Amurkawa suna rayuwa da wannan, kuma kusan duk rigimar da za a ambata a ƙasa daga nan ta samo tushe.

Kotun ƙoli ta amince da dokar a matsayin haraji a 1937. A 1939 kuma, a shari'ar Jack Miller wanda aka kama da datsattsiyar bindigar farauta ya tsallaka da ita daga Oklahoma zuwa Arkansas, ta ce ba a nuna mata cewa irin wannan makami yana cikin waɗanda tsarin mulki ya kare ba. Babu lauyan da ya tsaya wa Miller a gaban kotun a ranar.

Me ake nema da harsashin fistol a bindigar kafaɗa?

Tunanin tsoho ne. A ƙarni na 19 makiyaya da matafiya a yammacin Amurka suna son doguwar bindigar Winchester ta 1873 da libarbar Colt su ci harsashi iri ɗaya, mai lamba .44-40, don kada mutum ya ɗauki guzuri kashi biyu. Masu yi yau suna da nasu dalilan. Harsashin 9mm ya fi na bindigogin yaƙi araha, don haka mai zuwa filin atisaye kowane mako yana jin bambancin a aljihunsa. Filayen harbi na cikin gini da yawa ba sa yarda da manyan harsasai amma suna yarda da na fistol. Sannan tun wajen 2016 ƙungiyar gasar harbi ta USPSA ta buɗe wa irin waɗannan bindigogi rukuni nasu, abin da ya sa kasuwarsu ta buɗe sosai.

Batun gajarta kuwa yana da hujja ta zahiri. Albarushin da ke cikin harsashin fistol mai saurin ƙonewa ne, an auna shi don bututu mai inci 4 ko 5. Idan aka ƙara tsawo, gudun harsashin yana ƙaruwa kaɗan, amma tun kafin a kai inci 16 ƙarin ya kusa tsayawa. Harsashin 5.56 na bindigar yaƙi akasin haka yake: albarushinsa yana buƙatar dogon bututu, idan aka gajarta sai ya yi asarar gudu, ya riƙa aman wuta da ƙara mai toshe kunne. Saboda haka a wurin masu 9mm, rabin bututu mai inci 16 kaya ne kawai da doka ta ɗora musu. Wanda ya ga Uzi da aka shigo da ita kasuwar farar hula a shekarun 1980, da siririn bututu ya zarce gaba kamar an manta ba a yanke ba, zai gane abin da suke ƙorafi a kai.

Akwai kuma masu haɗa ta da na'urar rage ƙara. Harsashin 9mm mai nauyi yana tafiya ƙasa da gudun sauti, wato ƙasa da kimanin mita 343 a daƙiƙa, don haka ba ya yin tsawar nan da harsashi mai gudu ke yi a iska. Ita ma na'urar tana ƙarƙashin NFA, da takardarta daban. Kuma ba ta mayar da harbi shiru yadda ake nunawa a fim, rage wa kunne illa kawai take yi.

Wace takarda ce ake jira?

Fom na 1 na hukumar ATF, mai kula da harkar giya da taba da bindigogi da abubuwan fashewa. Sunansa a hukumance takardar neman izinin ƙerawa da yin rajista. Mai nema yana rubuta sunan kamfanin da ya ƙera gangar jikin, da lambarta, da girman harsashi, da tsawon bututun da yake niyya, da tsawon bindigar gaba ɗaya. Yana haɗawa da hotonsa da tambarin yatsunsa. Yana kuma aika kwafi ga shugaban 'yan sandan yankinsa. Kafin Yulin 2016 sai shugaban ya sa hannu, kuma a garuruwa da yawa sukan ƙi ba tare da ba da dalili ba. Tun daga lokacin sanar da shi kawai ake yi.

Idan amincewa ta fito, takardar tana dawowa da kan sarki a jiki. Daga nan sai a zana sunan mai ita da garinsa da jiharsa a jikin ƙarfen, zanen da zurfinsa bai gaza inci 0.003 ba, don kada a goge shi cikin sauƙi. Yawanci shagon masu zane da na'ura ake kai wa. Sai bayan duk wannan ne ake haɗa gajeren bututu da ƙota a jiki ɗaya.

A zamanin takardar hannu mutane sun yi jiran watanni da yawa. Da aka koma cikewa ta intanet, jiran ya ragu ƙwarai, har wasu suna samun amsa cikin kwanaki. Wanda kuma ya sayi wadda masana'anta ta riga ta haɗa gajeriya, Fom na 4 ne nasa, kuma bindigar tana zama a shagon dillali har amincewa ta zo.

Har yanzu ana biyan dala 200 ɗin?

An daina. Babbar dokar haraji da kasafi da Shugaba Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yuli 2025 ta mayar da harajin gajerun bindigogi da na'urar rage ƙara zuwa sifili daga 1 ga Janairu 2026. Mashinga da manyan makamai masu fashewa suna nan a kan dala 200. Amma kada a ruɗe: kuɗin ne aka cire, rajistar tana nan daram, da yatsu da hoto da jira. 'Yan majalisar da suka so a cire rajistar gaba ɗaya ba su samu ba, saboda ƙa'idar majalisar dattawa ba ta yarda a cusa irin wannan sauyi a dokar kasafi ba.

Wannan ya haifar da sabuwar shari'a. Ƙungiyoyin masu bindiga sun garzaya kotu a 2025 suna cewa tunda an gina dokar 1934 a kan ikon karɓar haraji, kuma yanzu babu harajin, to rajistar ba ta da ƙafar tsayawa. Hujja ce mai nauyi, ko da mutum ba ya goyon bayansu.

Idan mutum ya haɗa kafin takarda ta fito fa?

Babban laifi ne na tarayya: ɗauri har shekara 10, tara har dala 250,000, a ƙwace bindigar, kuma ya rasa 'yancin mallakar kowace bindiga. Babu uzurin "ai na riga na tura fom".

Ba ma sai ya haɗa ba. Idan aka samu mutum da doguwar bindiga da gajeren bututun da ya dace da ita, kuma babu wata halastacciyar hanya da zai yi amfani da bututun, ana iya tuhumarsa kamar ya haɗa. Kotun ƙoli ta taɓo wannan a 1992 a shari'ar kamfanin Thompson/Center, wanda ke sayar da fistol tare da ƙota da dogon bututu mai inci 21 a kwali ɗaya. Gwamnati ta ce ai mai saye zai iya sa ƙotar ya bar gajeren bututun. Alƙalai biyar cikin tara suka ce tunda kayan suna da halastaccen amfani, ba za a ɗauka laifi aka nufa ba. Daga wannan ne aka samu wata ƙa'ida mai ban mamaki: abin da ya fara rayuwa a matsayin fistol yana iya zama doguwar bindiga ya kuma dawo fistol, amma abin da ya fito daga masana'anta a matsayin doguwar bindiga ba ya taɓa zama fistol. Ƙarfe iri ɗaya, siffa iri ɗaya, tarihin takarda ne kaɗai ya bambanta su.

Awon ma da ƙa'idarsa. Ana zura sanda ta baki har ta taɓa ƙarshen bututun daga ciki, bindigar a rufe ba harsashi, a yi alama, a auna. Abin da aka ɗaura a baki da zare ba ya shiga lissafi sai an like shi dindindin. Shi ya sa masana'antu ke barin ɗan rara a kan inci 16.

Wanda ke ganin wasa ne ya tuna Ruby Ridge. Randy Weaver ya sayar wa wani ɗan leƙen asirin ATF datsattsun bindigogin farauta biyu a 1989. Bai halarci kotu ba, aka yi wa gidansa da ke Ruby Ridge a tsaunukan Idaho ƙawanya a Agustan 1992, aka rasa rayuka uku: ɗansa mai shekara 14, da matarsa, da jami'in tarayya ɗaya. Daga baya kotu ta wanke shi daga tuhumar bindigar.

Mene ne labarin madafar hannu da aka yi ta rigima a kai?

A 2012 wani tsohon soja mai suna Alex Bosco ya ƙirƙiro wata madafa ta roba da ake ɗaurawa a bayan babban fistol, a zura hannu a ciki a ɗaure da maɗauri, domin wani abokinsa da ya naƙasa ya iya harbi da hannu ɗaya. ATF ta duba ta ce wannan ba ƙota ba ce, fistol yana nan a fistol. Nan da nan jama'a suka lura cewa madafar tana zama a kafaɗa lafiya lau. Ga gajeriyar bindiga ba fom, ba haraji, ba jira.

Daga nan hukumar ta shiga kwan-gaba-kwan-baya. A 2015 ta ce wanda ya dafa ta a kafaɗa ya sauya mata aji. A 2017 ta sassauta. Kamfanoni suka ci gaba da fito da madafai da sai an ƙura ido kafin a bambanta su da ƙota. Sai aka yi amfani da irin waɗannan fistol a kisan mutum 9 a Dayton a 2019, da kisan mutum 10 a wani kanti a Boulder a 2021. Gwamnatin Biden ta fito da ƙa'ida a Janairun 2023 wadda ta mayar da yawancinsu SBR, ta ba masu su zuwa 31 ga Mayu su yi rajista kyauta, ko su cire madafar, ko su sa dogon bututu, ko su miƙa bindigar. Ita kanta ATF ta ƙiyasta akwai aƙalla miliyan 3 a hannun jama'a. Waɗanda suka nemi rajista kimanin 255,000 ne.

A Yunin 2024 wani alƙalin tarayya a Texas, Reed O'Connor, ya soke ƙa'idar baki ɗaya, a 2025 kuma gwamnatin Trump ta janye ɗaukaka ƙara. A ganina duk ɓangarorin biyu suna da abin kunya a nan. Masu cewa madafar ta naƙasassu ce kawai sun san ba haka yawancin masu saye ke amfani da ita ba. Hukumar kuma da ta halasta abu shekara goma, miliyoyi suka saya da izininta, ba ta da bakin wayar gari ta ce duk masu laifi ne.

Tana ɓarin wuta kamar ta sojoji?

A'a. Kowane jan kunama harsashi ɗaya. Tun 19 ga Mayu 1986 aka rufe rajistar sababbin mashinga ga farar hula a Amurka, kuma babu fom da zai ba mutum izinin ƙera ta a gida.

Takardar tarayya ta wadatar a ko'ina cikin ƙasar?

Ba ta wadatar ba. Jihohi irin su New York da New Jersey da Hawaii sun haramta gajerun bindigogin kafaɗa ga farar hula, California ma haka in ban da 'yan keɓantattun yanayi, kuma ATF ba ta amincewa da fom ɗin wanda dokar jiharsa ta hana. Wanda ke da ita a Texas ba zai jefa ta a but ya tsallaka wata jiha haka kawai ba, sai ya nemi izini a rubuce tukuna. Ba zai ba abokinsa aro ya tafi da ita ba. Ko matarsa, idan tana da mabuɗin akwatin da bindigar take kuma sunanta ba ya cikin takarda, lauyoyi suna gargaɗin cewa ana iya samun matsala. Wannan ne ya sa iyalai da yawa ke yin rajistar da sunan amana ta iyali, kowane mai hannu a ciki ya ba da yatsunsa da hotonsa. Idan mai ita ya rasu, magaji ma sai ya cike nasa fom kafin ta zama tasa.

Wadda aka haɗa a gida tana da inganci kuwa?

Ya danganta, kuma masu harkar da kansu sun fi kowa ƙorafi. Ba kamar wasu bindigogi da ke da ma'auni ɗaya da kowa ke bi ba, sassan masu cin 9mm kowane kamfani da nasa awo, don haka kayan kamfani uku a jiki ɗaya sukan ƙi jituwa: harsashi ya maƙale, ƙwanso ya ƙi fita, wani lokaci ya fashe tun bai gama shiga ba. Da yawa kuma suna mamakin yadda take dukan kafaɗa fiye da yadda suka zata, saboda nauyin ƙarfen da ke kai-da-komo a cikinta. Ga haɗarin da gajarta ke jawowa: tazarar da ke tsakanin hannun hagu da bakin bindiga ba ta wuce faɗin tafi ba, hannu mai gumi kuma yana zamewa. Wanda bai ƙware ba, kuɗin da zai kashe wajen gyaran kuskure ya isa ya sayi wadda masana'anta ta gwada ta ba da garanti.

Ɗan Najeriya ko Nijar ko Ghana da ke zaune a Amurka zai iya?

Wanda ya zama ɗan ƙasa, ko mai katin zama na dindindin, dokar tarayya tana kallonsa kamar kowa a wannan fanni. Amma ɗalibi ko baƙo ko ma'aikacin da ya shiga da bizar wucin gadi, asali an hana shi riƙe bindiga ko harsashi, in ban da 'yan keɓewa kamar mai lasisin farauta. Wanda bizarsa ta ƙare kuwa haramcin a kansa ba keɓewa. An sha gurfanar da ɗalibai 'yan ƙasashen waje saboda zuwa filin harbi kawai da hayar bindiga, abin da ya kai wasu ga rasa karatu da komawa gida. Abokin aji Ba'amurke da ya ce "zo mu je, ba komai" ba shi ne zai tsaya gaban alƙali ba.

A aiko da sassan gida Najeriya a haɗa a nan fa?

Laifi biyu ne a ƙasa biyu. Fitar da bindiga ko manyan sassanta daga Amurka ba lasisi laifi ne na tarayya, kuma kotunan can sun ɗaure mutane da dama da suka ɓoye bindigogi a cikin motoci da durom-durom da ake turowa Afirka ta Yamma a kwantena. A wannan gefen kuma kwastam na jira: a Janairun 2017 sun kama bindigogi 661 a Legas, a tsakiyar 2024 kuma sun kama 844 da harsasai 112,500 a tashar Onne ta jihar Ribas.

Dokar bindigogi ta Najeriya, wadda ta samo asali tun 1959, ta kasa makamai gida uku. Akwai haramtattu, waɗanda shugaban ƙasa ne kaɗai ke iya ba da lasisinsu, kuma a cikinsu akwai mashinga da duk wani fistol da libarba da bindigogin soja, har an ambaci masu cin 9mm da suna. Akwai na amfanin kai, irin bindigar farauta, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai bindigogin toka da ake ɗurawa ta baki, waɗanda ke ƙarƙashin kwamishinan 'yan sanda na jiha. Bindigar da wannan shafi ke magana a kai ta faɗa gida na farko ta kowace fuska. Mallakarta ko ƙera ta ko shigo da ita ba izini, hukuncinsa ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. A Amurka shekara 10 ita ce ƙololuwa, a Najeriya daga nan ake farawa.

Babu wani abu mai kama da Fom na 1 a nan, wato babu ƙofar da farar hula zai ƙwanƙwasa ya ce yana son ya haɗa wa kansa irin wannan. Ƙera makaman zamani aikin hukuma ne da kamfanonin da ta ba izini, irin masana'antar DICON da aka kafa a Kaduna a 1964. Ƙasashen ECOWAS ma sun rattaba hannu a Abuja a 2006 kan yarjejeniyar taƙaita ƙananan makamai, wadda ta shafi har da ƙirar gida.

Amma ai maƙeranmu sun daɗe suna ƙera bindiga, kuma mutanen karkara suna buƙatar kare kansu?

Sun daɗe, kuma bindigar toka tana da gurbinta: maharba, da 'yan bindigar sarki da ke buga ta a hawan sallah a Kano da Katsina da Zazzau, hayaƙi ya turnuƙe, dawakai su zabura. Doka ta san da wannan, shi ya sa ta ware mata aji, ta kuma tanadi izinin ƙera ta da gyaranta. Abin da 'yan sanda ke kamawa a ɓoyayyun maƙeru a Filato da Binuwai da wasu wurare daban ne: kwaikwayon fistol da na AK-47 masu cin harsashin zamani, waɗanda kasuwarsu ta 'yan fashi ce da masu garkuwa da mutane.

Buƙatar kare kai kuwa ba wanda ya san halin da ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato ke ciki da zai raina ta. A Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta fito fili ta ce mutanen Zamfara su nemi lasisin bindiga, ta ce za ta raba fom ta masarautu. Cikin kwanaki babban hafsan tsaron ƙasa na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko, rundunar 'yan sandan jihar kuma ta ce dakatarwar da aka yi wa ba da lasisi tana nan ba a ɗage ba.